Sakatare, sunana yana ciki?

Ranar da aka liƙa sanarwar ina cikin masu aikin dare. Da asuba muka fito daga sashen tukunya, inda ake ƙona kwal, idanu jajur, muka tarar da mutane sun yi cincirindo a gaban allo. Takarda ɗaya ce, layinta bai wuce goma ba. Ta ce za a rufe tasharmu ta lantarki cikin shekara 3, a riƙa kashe injinan ɗaya bayan ɗaya, don cika alƙawarin rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. A can ƙasa aka rubuta cewa hukumar gudanarwa za ta kula da jin daɗin ma'aikata. Shi ke nan, ban da sa hannu da hatimi.

Shekarata 19 a wannan tasha mai ƙona kwal ta ba da lantarki, kuma a lokacin ni ne sakataren reshen ƙungiyarmu ta ƙwadago. Duk wanda ya gama karantawa ya juyo, ni yake kallo.

Gara in faɗi inda na tsaya tun yanzu. Ban taɓa musun cewa abin da ke fita daga bututun hayaƙinmu yana cutar da duniya ba. Wanda ya tsaya kusa da tukunya ya san abin da take ci dare da rana. Tsohuwar tasha irin tamu, duk megawat ɗaya da ta bayar na awa guda, tana sakin iskar kabon da ta kai kusan tan ɗaya. Har yanzu kwal ne ke ba duniya kusan kashi 1 cikin 3 na lantarkinta, kuma babu makamashin da ya kai shi fitar da wannan iska. Rufe irin tasharmu abu ne da zai zo, ko mun so ko mun ƙi. Abin da zuciyata ta kasa ɗauka shi ne a ce mai ƙaramin albashi, wanda bai taɓa zama inda ake yanke shawarar gina tasha ko rufe ta ba, shi za a ɗora wa kuɗin gyaran ɓarnar.

A taronmu na farko, ran kowa a ɓace yake. Matasa suka ce a shiga yajin aiki har sai an janye sanarwar. Wani dattijo daga sashen gyaran injuna ya miƙe ya tuna mana da mahaƙan kwal na Birtaniya, waɗanda suka shiga yaji a 1984, suka kusa shekara suna fama, suka koma aiki a watan Maris na 1985 ba tare da sun samu abin da suka nema ba, aka kuma ci gaba da rufe mahaƙun. Ya ce ƙarfinmu yana nan ne muddin ana buƙatar wutar da muke bayarwa, wato shekara 3 ɗin nan. Idan muka ƙarar da su wajen jayayya kan ko za a rufe, ranar da aka kashe injin ƙarshe babu wanda zai ɗaga wayarmu. Muka yi muhawara har dare, aka tsaya kan cewa za mu yi faɗa ne kan yadda za a rufe da kuma halin da za a bar mu.

Uwar ƙungiya ta turo mana wata jami'ar ilimantarwa, ta yi kwana 2 tare da kwamitinmu. A bakinta na fara jin kalmar nan, sauyi cikin adalci. Ta ce daga wajen ma'aikata ta fito. Wani jagoran ƙungiyar ma'aikatan mai da sinadarai a Amurka, Tony Mazzocchi, shi ya yi ta nanatawa a farkon shekarun 1990 cewa tun da gwamnati ta kafa asusu don tsabtace ƙasar da masana'antu suka gurɓata, ya kamata a kafa irinsa don ma'aikatan da za su rasa aiki idan an rufe masana'antun. Daga nan maganar ta yi ta tafiya har ta shiga gabatarwar Yarjejeniyar Faris ta 2015 kan sauyin yanayi. A shekarar ce kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta fitar da ƙa'idojinta kan batun: a zauna da ma'aikata tun kafin a yanke hukunci, a tanadi abin da zai riƙe mutum tsakanin tsohon aiki da sabo, a koya masa sana'ar da ake nema. Jami'ar ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce maganar da ke cikin yarjejeniyar a gabatarwa take, ƙa'idojin kuma shawara ce, ba za mu kai kowa kotu da su ba. Amfaninsu shi ne gwamnatin da ta amince da su tana jin nauyin a karanta mata su a bainar jama'a.

Mataki na farko wasiƙa ce. Muka nemi jadawalin kashe injinan, yawan waɗanda abin zai shafa da irin aikinsu, nawa aka ware, kuma daga ina kuɗin zai fito. Mun jingina da sashe na 13 na Yarjejeniyar ILO mai lamba 158 ta 1982, wadda ta ce mai ɗaukar aiki da ke shirin sallamar mutane saboda sauyin tsari ko na fasaha ya ba wakilansu bayani a kan lokaci, ya kuma zauna da su a nemi hanyar rage raɗaɗin. Ƙasashe da yawa ba su rattaba hannu a kanta ba, amma lauyan ƙungiya ya ce mu ambace ta, domin babu kamfanin da zai so ya rubuta da hannunsa cewa ya ƙi ba da bayani. Bayan mako 6 da tuni sau biyu, amsa ta zo, haɗe da jerin sunaye.

Muka duƙufa a kan jerin nan kusan wata guda. Muka raba mutane gida uku: waɗanda suka kusa ritaya, na tsakiya masu iyali da bashi, da matasa. Muka duba yadda wasu suka yi. A Sifaniya, a watan Oktoba na 2018, gwamnati da ƙungiyoyin ƙwadago da masu mahaƙu suka sa hannu kan yarjejeniyar Yuro miliyan 250, wadda ta ba mahaƙan da suka kai shekara 48 damar yin ritaya da wuri, ta kuma tanadi aikin gyara wuraren da aka haƙa. A Jamus, an yanke shawarar janye tallafin mahaƙun kwal na ƙarƙashin ƙasa tun 2007, ba a rufe ta ƙarshe ba sai Disamban 2018, shekara 11 ana shiri. Dokarsu ta 2020 ta sa 2038 a matsayin ƙarshen ƙona kwal, ta ware har Yuro biliyan 40 don yankunan da abin zai shafa, da alawus na riƙon ƙwarya har shekara 5 ga ma'aikacin da ya kai 58. Mun san ba mu da irin aljihunsu. Abin da muka ɗauka a wurinsu shi ne tsarin. Muka rubuta buƙatunmu tsaf, har ina jin mun yi abin kirki.

Sai wata rana da la'asar, ina wanke hannu a famfon bayan sashenmu, wani tsoho ya tsaya a gefena. Kowa Baba yake ce masa. Aikinsa kwashe toka daga ƙarƙashin tukunya, kuma ni a tashar na same shi. Ya cire hular kwanonsa ya riƙe a hannu, gashin girarsa fari fat da toka.

“Sakatare, an ce an kawo takardar sunaye. Don Allah duba mini, sunana yana ciki?”

Na ce, “Haba Baba, kai da ka riga mu zuwa nan, ta yaya za a rasa sunanka?”

Fayil ɗin yana cikin jakata. Na buɗe a nan tsaye, na bi da yatsa daga sama har ƙasa. Na sake bi. Na duba ko an juya sunan, an fara da na mahaifinsa. Babu. Sai idona ya sauka kan hular da ke hannunsa. Tamu fara ce, tasu shuɗiya. Shuɗiyar hula ta ma'aikatan kwangila ce.

Ya ce, “To, ba komai. Dama na yi tsammani.” Ya mayar da hularsa ya koma wajen tokarsa.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Shekara 19 ina gaisawa da mutanen nan kullum, na san waɗanda ke tari, na san wanda ɗansa ya gama makaranta, amma rajistar ƙungiyarmu ba ta taɓa ɗaukar sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Kamfani ya kawo jerin waɗanda yake biya kai tsaye, mu kuma muka karɓa kamar shi ne iyakar mutanen tashar, muka yi wata guda muna rubuta kalmar adalci a kansa. Wannan laifin nawa ne kafin ya zama na kowa, domin ni ke riƙe da biro.

Washegari na kai maganar gaban kwamiti, muka fara abin da ya zama mafi tsawon aiki a duk tafiyar: ƙirga mutane. Ba abu ne mai sauƙi ba. Wani ɗan kwangila ya aika wa yaransa cewa duk wanda ya ba mu sunansa ya nemi wani aikin. Dole muka fitar da teburinmu wajen shinge, muna zama bayan an tashi, wani lokaci da hasken waya. Mutum ya zo, mu rubuta sunansa, sashensa, shekarar da ya fara, sannan mu tambaye shi shaida. A nan ne gizo ke saƙa. Kwangilar sharar ofis ko kwashe toka ko gadi ana sabunta ta duk shekara 2 ko 3. Sabon kamfani ya zo, ya ɗauki mutanen da ya tarar, ya ba su sabon kati, shekarunsu su koma sifiri. Wasu kamfanonin ma sun mutu, ko ofishinsu ba a sani ba.

Baba ya zo a dare na uku da wata leda a aljihun gaba. Ya kwance ta a hankali, ya zube katin shaida 7 a kan teburin, ɗaure da roba. Kowane kati da sunan kamfani daban. Na jera su bisa shekara. A na farko saurayi ne mai cikar fuska, a na huɗu furfura ta fara, a na bakwai kumatu sun faɗa. Wurin aiki ɗaya, shebur ɗaya, amma a takarda bai taɓa daɗewa yana yi wa kowa aiki ba. Na ɗauki hoton katunan a jere. Daga baya wannan hoton ya yi mana aikin da dogon jawabi bai yi ba.

Waɗanda ba su ajiye kati ba muka nemo musu wata hanya. Masu gadi suka nuna mana tsofaffin littattafan shiga da fita. Jami'in kiyaye haɗari ya tuna cewa duk shekara kowa, fari ko shuɗi, sai ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar horon kariya, kuma takardun suna nan a kwali. Asibitin tasha yana da katin duk wanda aka taɓa ɗaure wa rauni. Inda aka rasa duk waɗannan, sai ma'aikata biyu na dindindin su sa hannu cewa sun san mutumin a sashe kaza tun shekara kaza. Mata masu shara da wankin kayan aiki su suka fi ba mu wuya, domin da yawansu a hannun helima suke karɓar kuɗi, babu sunansu a ko'ina. Da muka gama, masu shuɗiyar hula sun kusa kai mu yawa.

Faɗan da ya fi yi mini zafi a cikin gida aka yi shi. A babban taro wani abokin aikina, mutumin kirki, ya miƙe ya ce, “Kwamared sakatare, kuɗin da aka ware ba roba ba ne da zai miƙe. Mu muke biyan kuɗin ƙungiya shekara da shekaru. Idan ka shigo da mutanen nan, daga giratutinmu za a yanka.” Aka yi masa tafi sosai. Ban ga laifinsa ba. Yana da 'ya'ya a makaranta, shekarunsa sun wuce na neman sabon aiki, ba su kai na fansho ba. Tsoro ne ya yi magana, kuma tsoron yana da dalili.

Wata 'yar'uwa daga ɗakin gwajin ruwa ita ta amsa masa. Ta tambaya, idan aka kashe tukunya don gyara, wa ke shiga cikinta da guduma ya farfasa tokar da ta daskare, tun bangon bai gama hucewa ba? Kowa ya san amsar. Ta ce idan wannan bai ishe mu hujja ba, to mu yi lissafi: ranar da muka janye hannu daga aiki, mutanen da muka bari a waje su za a kira su riƙe tashar, kuma ba za mu iya ce musu komai ba. Aka kaɗa ƙuri'a, muka yi rinjaye da ƙyar. Sharaɗin da aka gindaya shi ne ba za mu yarda a raba abin da aka ware mana ba, za mu nemi a ƙara nasu daban. Aka kuma amince su zaɓi wakilai biyu su zauna tare da mu a teburin tattaunawa. Suka zaɓi wani direban motar kwal da wata mai shara.

A zaman farko da hukumar gudanarwa, shugaban sashen ma'aikata ko buɗe jerinmu bai yi ba. Ya ce waɗannan ba ma'aikatansu ba ne, mu je mu nemi kamfanonin da suka ɗauke su. Lauyanmu ya kawo Shawarar ILO mai lamba 198 ta 2006, wadda ta ce idan ana son a san ko mutum ma'aikacin wani ne, a dubi yadda aikin yake gudana a zahiri, kome sunan da aka ba shi a takarda. Wa ke sa lokacin zuwa da tashi? Kayan aikin na waye? Wa ke ba da umarni? Ana cikin wannan sai wakiliyar masu shara ta ɗaga hannu. Muryarta na rawa da farko.

“Yallaɓai, shekara 14 ina share ofishin nan naka. Ranar da na makara saboda ɗana ba lafiya, kai ka ce in koma gida. Ɗan kwangilar ko fuskarsa ban sani ba.”

Ɗakin ya yi tsit. Bai musa ba. Amma bai sauka daga matsayinsa ba, kuma haka muka yi wata 4 ana kai ruwa rana. A zo a zauna, a karanta bayanin zaman baya, a ɗage.

Yajin aiki gaba ɗaya ba mu so shi ba. Wutar da muke bayarwa asibitoci da famfunan ruwa na cikin masu amfani da ita, kuma da mun kashe ta, jama'ar da muke neman goyon bayansu su za su fara juya mana baya. Abin da muka yi shi ne janye aikin ƙarin lokaci, kowa ya yi awoyinsa ya tafi, fari da shuɗi tare. Tsohuwar tasha da ƙarin lokaci take rayuwa, cikin mako 2 aka ji a jiki.

Abu na biyu shi ya fi tasiri. Amsar wasiƙarmu ta farko ta nuna cewa kuɗin rufe tashar da kafa gonar sola, mai samar da wuta daga hasken rana, a filinta rance ne daga wani bankin raya ƙasashe, irin kuɗin da ake bayarwa da sunan yaƙi da sauyin yanayi. Irin waɗannan bankuna suna da sharuɗɗa a rubuce kan tuntuɓar waɗanda aiki zai shafa, suna kuma da ofishin karɓar koke. Muka rubuta musu, muka haɗa da jerinmu da hoton katunan Baba. Muka tuna musu da tashar Komati ta Afirka ta Kudu, wadda aka kashe a watan Oktoba na 2022, shekara guda bayan an yi wa ƙasar alƙawarin Dala biliyan 8.5 a taron sauyin yanayi na Glasgow don ta bar kwal. A can ma'aikatan dindindin an sauya musu wurin aiki, na kwangila da mutanen gari su suka sha wuya, har hukumar shugaban ƙasar kan sauyin yanayi ta faɗa a rahotonta cewa an makara wajen tuntuɓar jama'a da tanadin sababbin ayyuka. Muka ce ba ma so a sake irin wannan da kuɗinsu. Bayan mako 5 suka turo tawaga. Da tawagar ta nemi ganin wakilan ma'aikatan kwangila, sai jerin da aka ƙi buɗewa ya zama abin da ake nema a ba da kwafinsa. Ma'aikatar ƙwadago ta turo mai shiga tsakani, tattaunawa ta fara motsi.

Kan horo ma an ja. Wani ƙwararre da aka ɗauko ya nuna mana alƙaluman ILO na 2018, cewa sauyin makamashi zai iya samar da ayyuka miliyan 24 a duniya zuwa 2030, a rasa miliyan 6. Ban ƙaryata shi ba. Na dai ce masa sabon aikin ba lallai ya zo a garin da tsohon ya mutu ba, ko a shekarar, ko ga mutumin. Gonar sola tana cin hannu da yawa lokacin kafa ta, idan an gama kuwa mutane kaɗan ke kula da ita. Tayinsu na farko kwas ne na mako 2 da satifiket. Muka ƙi. Mun nemi kowane horo ya kasance da alawus, kuma a nuna mana aikin da ke jiran wanda ya gama. Direban da ke wakiltar 'yan kwangila shi ya kawo shawarar da ta fi kowacce amfani. Ya ce rushe tashar da gyara tafkin toka aikin shekaru ne, kuma babu wanda ya san lunguna da haɗarin wurin kamar waɗanda suka tsufa a ciki. Aka rubuta cewa duk kamfanin da ya ci kwangilar rushewa ko ta sola, daga jerinmu zai fara ɗauka kafin ya nemi kowa a waje.

Akwai sashe ɗaya da na dage a kansa har wasu suka ce na cika naci, wato lafiya. Tokar kwal tana ɗauke da zaiba da dalma da asanik. Ƙurar kwal da ta toka suna zama a huhu, tsofaffin bututu kuma an naɗe su da asbestos, wani abin tare zafi, wanda cutarsa kan ɗauki shekara 20 ko fiye kafin ta bayyana. Mutum zai iya karɓar kuɗin sallamarsa lafiya lau, tarin ya taso bayan kamfanin ya zama tarihi. Muka samu a rubuce cewa kowa, fari ko shuɗi, za a yi masa gwajin numfashi da hoton ƙirji kafin ya tafi, a ba shi kwafi a hannunsa, a kuma ajiye asalin a wata hukuma da za ta wanzu bayan tashar. Mun nemi asusun jinya na dindindin, aka ba mu na shekara 10 kawai. Har yau wannan yana damuna, domin na san lissafin bai kai ba.

Wata 14 bayan sanarwar aka sa hannu. Ma'aikatan dindindin sun samu abin da ya kusa buƙatarsu: ritaya da wuri ga manya, canjin wurin aiki ga masu so, kuɗin sallama bisa shekaru. Ma'aikatan kwangila an amince a lissafa musu shekarunsu tun daga ranar da suka fara shiga tashar, kome yawan kamfanonin da suka ratsa, amma abin da za a biya su a kowace shekara bai kai namu ba, kuma ba su samu fansho ba. Na karanta musu sashen da bakina a wajen shinge, inda muka yi ƙirga, ban rage komai ba. Wasu suka yi godiya, wasu suka ce an sake nuna musu su 'yan bora ne. Duka biyun gaskiya suka faɗa. Waɗanda ke wajen shingen kuwa, masu ƙananan sana'o'in da suka dogara da albashinmu, abin da muka iya samo musu kujera ɗaya ce a kwamitin sa ido.

An kashe injin farko a ƙarshen shekarar da ta wuce. Ina ɗakin sarrafawa lokacin da allurar ta sauka, ƙarar da kunnena ya saba da ita tun ina saurayi ta yi ƙasa har ta ɗauke a wannan ɓangaren. Babu wanda ya yi magana. Baba yana cikin rukunin farko da aka sallama. Hoton ƙirjinsa ya nuna tabo, likita ya ce ya daina shiga ƙura, don haka aikin tafkin toka ya wuce shi, ƙaramin ɗansa aka ɗauka. Ya zo ofishin ƙungiya da takardar biyansa don in karanta masa. An lissafa masa shekara 26. Ya sa na maimaita lambar, sannan ya nemi in mayar masa da katunansa 7, ya ɗaure su da robarsu.

Saura mutum 31 da kamfani ya ce shaidarsu ba ta gamsar ba, 22 daga ciki mata ne masu shara da wanki, waɗanda ke karɓar kuɗi a hannun helima. Mun gano cewa mai kula da sito yana rubuta sunan duk wadda ta karɓi sabulu da safar hannu a ƙarshen wata, kuma littattafan suna nan tun da daɗewa. Mun kwashe mako 3 muna bin su shafi-shafi, mun samo sunayen 17. Kwamitin sa ido zai zauna ranar Talata, fayil ɗin yana cikin jakata.